A Sakar wa Yara Ƙafa, Bakinsu Ya Buɗe

Jama'ar Funtuwa da Malumfashi, mutanen Bakori da Ɗanja da Ƙafur, na Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ƙara na kawo, kuma ƙarar ta 'yan ƙananan da ba su kai shekara biyar ba ce, waɗanda ba sa zuwa taro, ba sa jefa ƙuri'a, ba su san hanyar gidan mai unguwa ba balle su kai kukansu. Mun zaunar da su. Wasu da waya muka zaunar da su, wasu da benci da bulala, wasu kuma tsoro ne ya sa muka tura su ɗaki muka ja ƙyaure. Sai ga mu muna mamakin yadda yaro zai shekara uku bai iya haɗa zance ba, in yana son ruwa sai nuni da kuka.

Ƙafar yaro da bakinsa tare suke tashi. Wanda ke rarrafe, ya dafa bango ya miƙe, ya ruga, ya ɗauko, ya kawo, aka kuma samu babba kusa da shi yana tanka masa, shi ke tara kalmomi. Wanda aka girke wuri guda don kada ya yi ɓarna, an rage masa hanyar da magana ke bi ta same shi.

Ku leƙa kowane tsakar gida da kaka, lokacin da aka jibge masara ana ɓarewa. Ga 'yar wata goma sha huɗu ta tsinci totuwa, ta tako tana tangaɗi, ta miƙa wa uwarta. Uwar ba za ta yi shiru ba. "Me kika samo mini? Totuwa? To kai wa Inna ta sa a murhu. A'a, kada ki matsa can, wuta ce, da zafi! Miƙa mata daga nan. Yauwa, 'yar albarka." Kafin a ƙifta ido yarinyar ta ji totuwa, ta ji murhu, ta ji wuta da zafi, ta ji nan da can, ta ji kai da miƙa, kuma kowace kalma ta zo mata ne abin yana hannunta ko yana gaban idonta, ƙafarta na tafiya zuwa gare shi. Gobe in aka ce zafi, da kanta za ta ja baya. Da tana kwance a ɗaki, wannan zance duk da bai taso ba, domin tahowarta ce ta jawo shi.

Abin da idonmu ke gani a tsakar gida, masana sun auna shi. A Amurka, Lana Karasik da Catherine Tamis-LeMonda da Karen Adolph sun bi 'yan wata goma sha uku a gidajen iyayensu, wasu na rarrafe wasu sun fara tafiya. A rahoton da suka fitar a 2014 sun nuna cewa masu tafiya sun fi ɗauko abu su kawo wa uwa, kuma idan yaro ya tako ya kawo, amsar da uwa ke ba shi takan bambanta, takan zo da umarnin abin da zai yi da shi. A shekarar dai, Eric Walle da Joseph Campos suka gano cewa tsakanin yara sa'annin juna, wanda ya fara tafiya ya fi wanda ke rarrafe yawan kalmomin da yake ganewa da waɗanda yake faɗa. An sake gwada wannan a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda harshe da tarbiyya suka sha bamban da na Amurka, aka ga abu mai kama da haka. Ita Adolph da abokan aikinta sun taɓa ƙirga takun masu koyon tafiya yayin da aka sake su suna wasa, suka samu yaro na yin taku sama da 2,300 a awa guda, yana faɗuwa kamar sau 17. Ku lura da wannan faɗuwar. Ba ta hana shi tashi ba, mu ne ke hana shi.

Kada a ce na ce gudu kaɗai ke koya magana. Yaron da aka saki a lungu daga safe har magariba, ba mai ce masa ci kanka, zai yi ƙarfin ƙafa, bakinsa ya tsaya inda yake. Haka kuma yaron da Allah ya jarrabe shi da rashin tafiya yana iya fin kowa zance idan ana zama da shi, ana kai shi inda abubuwa suke, ana ba shi ya taɓa. Abin da ake nema motsi ne tare da mai amsawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan 'yan ƙasa da shekara biyar. Jaririn da bai fara rarrafe ba, a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, a haɗa masa aƙalla minti 30 a yini, kaɗan-kaɗan. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu, yaro na bukatar motsi na aƙalla minti 180 a yini, awa uku ke nan, a warwatse cikin wunin. 'Yan shekara uku da huɗu, a cikin awa ukun nan a samu awa guda ta wasa mai sa haki da zufa. Kallon waya ko talabijin kuwa, wanda bai kai shekara biyu ba babu shi sam, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya, in ya gaza haka ya fi. Idan kuma zama ya kama, hukumar ta ce a cika shi da karatu ko ba da labari tare da babba. Tatsuniya ke nan, wadda kakanninmu ba su jira wata hukuma ta ce su yi ba.

Akwai wani sashe na ƙa'idar da ya taɓo mu kai tsaye: kada a tsare yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, kuma cikin misalan da aka bayar har da goyo. A nan sai a yi adalci. Goyo rahama ne. Yaro a bayan uwa yana jin ɗuminta, yana jin muryarta, ya tsira daga rijiya da murhu da ƙafar dabba. Matar da ke tsinkar auduga, ko take gaban kaskon awara mai na tafasa, ba wanda zai ce ta sauke ɗanta a nan. Amma hannun goyayye a matse yake, fuskar uwarsa ma ba ya gani. In an dawo gida, in an sauke kasko, a kwance zane, a shimfiɗa tabarma, a ajiye shi ya yi birgima, a sa masa ludayi ko murfin kwano nesa kaɗan ya miƙa ya jawo. Wannan ba sai uwa ba. Kaka na nan, yaya na nan, uba ma na nan.

Iyaye maza, ku nake nufi. Mun iya lissafin masara ƙwarai. Duk manomin ƙasar nan ya san takin da bai shiga da wuri ba, aka bari sai masara ta riga ta yi goyo, kuɗi ne aka zubar. Zai ci bashi, zai sayar da akuya, don kada lokacin ya wuce shi. Shekarun farko na yaro su ne lokacin takinsa, amma da yawanmu mun ɗauka ɗa ba ya zama namu sai ya isa riƙe fartanya. Mutum zai dawo daga gona, ya yi wanka, ya wuce majalisa, ɗansa na bin sa da tatata har zaure a ce a zo a ɗauke shi. In kunyar ɗan fari ce ta hana ka, na biyu da na uku fa? Ka riƙe hannunsa ku taka zuwa turken awaki, ka ce masa ga uwar, ga ɗan, wannan baƙa ce, waccan ja. Ka bar shi ya ɗebi dusa da hannunsa ya zuba. Ka tambaye shi, ka jira ya amsa, ko da gwaranci ne. Jiran nan shi ne rabin aikin.

Wanda yake ganin girmansa zai zube, ya tuna da Fiyayyen Halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauke ta. Jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar don kada ya katse wa yaron abin da yake yi. Yakan tsaya ya tambayi Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Malamanmu na Funtuwa da Malumfashi sun fi ni sanin waɗannan hadisai. Ina roƙon su hau mumbari da su, ranar Juma'a da wurin suna, inda mazan suke.

Ba baƙon abu ake kiran mu gare shi ba. Ƙasar nan tana da makarantar da ta horar da harshe tun kafin a kawo benci, ita ce dandali. A gaɗa akwai mai bayarwa da masu amshi, akwai tafi da ke raba kalma gaɓa-gaɓa, ga 'yar shekara uku a gefe tana kwaikwayo, tana tafa nata a karkace, tana cafke ƙarshen kowane amshi. A carafke da 'yar gala-gala akwai ƙirga da jiran layi da gardamar wa ya ci wa ya faɗi, gardamar nan kuwa ita ce filin gwada baki. Mai dokin kara sai ya yi wa dokinsa kirari. Masu wasan 'yar tsana sukan ɗaura aure, su kai gara, su yi gaisuwar surukai, su yi cinikin daddawa da tsakuwa, duk da bakinsu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa, nan kan hanyarmu ta Zariya, aka buga a 1954, da ta zo ba da labarin yarintarta wasanni da waƙoƙi ne suka riƙa fito mata, bayan shekaru masu yawa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya zauna Bakori ya kuma yi gida a Funtuwa, a dandali ya fara buɗe baki cikin samari 'yan'uwansa yana tallar alewa. Daga ƙarshe Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba kowane yaro zai zama Shata ba, amma kowane yaro yana da haƙƙin filin da zai gwada muryarsa.

Na san abin da ya kashe dandalin dare, kuma ba zan raina shi ba. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, har zuwa harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a Agustan 2025, ba uwar da za a ce ta saki ɗanta a farin wata. Iyalai da dama sun bar gidajensu masu faɗin tsakar gida a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, sun dawo cikin gari sun cunkushe a ɗaki ɗaya na haya, yaran na zaune kan kayan da aka tsira da su. Waɗannan yaran sun ga abin da bai kamata su gani ba, wasunsu sun yi shiru irin wanda ba na lafiya ba, su suka fi kowa bukatar wasa. An ƙwace mana dare, amma hantsi da la'asar suna hannunmu. Masu unguwanni da dagatai, ku keɓe fili a kowace unguwa, ko harabar firamare bayan an tashi, ko ƙofar gidan mai gari. A share ƙaya da fasassun kwalabe, a rufe rijiya, a hana masu babur ratsawa daga la'asar zuwa magariba. Dattawan da ke zaman inuwa su matso da tabarmarsu nan, idonsu ya zama katanga. Mai girma Sarkin Maska da mai girma Galadiman Katsina, kalma ɗaya daga bakinku ta isa ta sa kowane mai unguwa ya tashi tsaye. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma ku hana a ci gaba da yanka filayen makarantu ana jera shaguna.

Waya kuwa mu muka kawo ta da kuɗinmu. Yaro na rigima, a miƙa masa ya yi shiru, shirun nan kuma shi ne asarar. Hoton da ke cikin waya yana magana, amma ba ya jiran yaro ya amsa, bai san yaron ya ce wani abu ba. Ita ma uwar, shi ma uban, in ido na kan TikTok, yaro ya kawo totuwarsa sau biyu ba a ɗago ba, na uku ba zai kawo ba.

Sai makarantun nazire, inda abin ya fi yi mini ciwo, don a nan kuɗi muke biya a zaunar mana da 'ya'ya. Ku shiga irin ajin da aka buɗe a gareji ko shago, ku gani. 'Yan shekara uku a jere kan benci, ƙafa ba ta kai ƙasa ba, an ce su harɗe hannu a ƙirji. Anti na tsaye da tsumagiya tana faɗar haruffan Turanci suna maimaitawa da ƙarfi, daga safe har azahar. Wanda ya juya ya yi wa na kusa da shi magana, ya sha duka. Wanda ya yi Hausa, an ce ya yi laifi. Ba fili, ba yashi, ba ƙwallo, hutun ma a kan bencin ake cin sa. Yaro zai dawo gida yana rera harafi ashirin da shida, amma ka ce ya gaya maka abin da ya faru a hanya, ya kasa. Ban ɗora wa malamar laifin duka ba. Albashinta bai taka kara ya karya ba, ba a horar da ita ba, kuma mu iyaye ne ke zuwa da faɗa in ba mu ga an cika littafi da jan biro ba. Alhali manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da rubuta cewa babbar hanyar koyarwa a ajin share fage ita ce wasa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin hukumomin ilimin farko. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, idan kun zo duba makaranta ku tambayi ina yara ke gudu. Masu makarantu, ku tura bencin jikin bango. A koyi ƙirga da tsalle, a koyi launi da zuwa a taɓo shi, a koyi sama da ƙasa, gaba da baya, da jiki. A bar yaro ya ƙoshi da harshen uwarsa, a kansa zai ɗora Turanci da Larabci. Malaman Islamiyya ma, ɗan shekara huɗu ba zai iya zaman ɗan shekara goma ba. A ba su karatu gajere, a sallame su su motsa, a sake kiran su.

Akwai gaskiyar da ba za a tsallake ba: yaro mai yunwa ba ya wasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025. Wannan a jihar da manyan motoci ke lodin masara da waken suya daga Ɗandume da Funtuwa zuwa ko'ina a ƙasar nan. Kafin a ɗinke buhu na ƙarshe a kai kasuwa, a ware na kunun yara, a haɗa da waken suya da gyaɗa, a sa zogale a miya, ƙwan da kaza ta yi a ba ɗan yaye maimakon a kai wa mai shayi.

Yaron da ya riga ya tsumbure ma ba a fid da rai da shi. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Da farko duka biyun sun amfana. Bayan shekara ashirin aka sake nemo su, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi musu ba da kamar kashi 25 cikin ɗari. Gwangwani da murfin kwalba da tsumma suka yi wannan aiki. Ma'aikatan lafiyarmu da ke bi gida-gida da rigakafi, da masu awon ciki da na jarirai, za su iya ƙara minti biyar su faɗi wannan ga kowace uwa.

Su kuma faɗi alamun da ba a zama a kansu. Yaron da ya shekara ɗaya ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya juyowa in an kira sunansa. Wanda ya kai shekara ɗaya da rabi bai taka ba ko bai furta kalma ko ɗaya ba. Wanda ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Wanda ya fara magana sannan ta ɗauke. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa, ko ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ya daina ji sosai. Kada a ce gadon gida ne, babansa ma bai yi baki da wuri ba. Kada a fara da askar wanzami a ƙarƙashin harshe. A kai shi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi a duba kunnensa, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin koyarwa na Shika, ga cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Idan ta tabbata ba ya ji, a fara yi masa maganar hannu tun yana ƙarami, duk gidan su koya, kada a jira sai ya isa shiga makarantar kurame ta Malumfashi.

Iyaye mata, yau da la'asar a kwance goyo a shimfiɗa tabarma. Iyaye maza, kafin a tafi majalisa a riƙe hannun ƙaramin a zaga da shi bayan gida. Kakanni, a dawo da tatsuniya bayan isha'i, ko a cikin ɗaki ne ƙofa a rufe. Duk wanda zai biya kuɗin zangon nazire mai zuwa, ya tsaya a ƙofa ya ce a nuna masa inda ɗansa zai yi gudu, in babu ya nemi a samar kafin ya zaro kuɗin. Masu unguwanni, muna jiran ku nuna mana filin kafin kaka ta wuce. Allah ya raya mana su, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.